Zuwa ga Ummi, a Kan Mutumin da Ya Dafa Dutse



Ummi, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Mu nan kowa lafiya, sai godiyar Allah. Ƙafar Hajiya ta yi sauƙi, har ta koma fita tsakar gida da kanta, ƙannenki kuma sun koma makaranta.

Dalilin rubuto miki wannan wasiƙa shi ne zancen da kuka yi da mahaifiyarki, wanda ta kawo mini ranta duk a jagule. Wai maƙalarki ta farko ta daɗe da fitowa amma har yau ba wanda ya kafa hujja da ita, ga abokan karatunki da suka bi fannin da ake yayi ana ta ambaton ayyukansu, lissafinsu sai hawa yake yi. Wai har kin fara tunanin ajiye siraran shimfiɗun sinadarin nan da kike haɗawa a kan gilashi, ki koma inda kasuwa ke ci. Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na ɗauko biro. Ban kuma zauna don in yanke miki hukunci ba. Ke ce ke riƙe da na'ura, ni alli kawai na riƙe har na yi ritaya. Labarin wani mutum zan ba ki, wanda na san kin ji sunansa a aji, amma ina jin ba a tsaya an ba ku shi dalla-dalla ba. Sunansa Isamu Akasaki.

An haife shi a 1929 a lardin Kagoshima da ke kudancin Japan. Ya gama Jami'ar Kyoto a 1952, ya kama aiki a kamfanin Kobe Kogyo, inda aka ɗora shi a kan hodar da ake shafa wa cikin gilashin talabijin don ta ba da haske. Daga nan ya yi 'yan shekaru a Jami'ar Nagoya yana renon kiristal na jamaniyam, ya sami digirin dakta a 1964, sannan ya wuce cibiyar bincike ta Matsushita a Tokyo, wato masu rediyon National da Panasonic. Har zuwa nan ba wani abin ba da labari. Ma'aikaci ne mai ƙwazo, irinsa kuwa suna da yawa.

Abin da ya tsaya wa masana a rai a lokacin shi ne shuɗin haske. Jar fitilar LED ta samu tun 1962 a hannun Nick Holonyak na kamfanin General Electric, koriya ta biyo baya, shuɗiya kuwa ta ƙi. Kin fi ni sanin dalili, amma bari in faɗa, in ji ko har yanzu na iya koyarwa. Launin hasken da semikondakta ke fitarwa ya dogara ne ga faɗin tazarar da elektiron zai faɗo, shuɗi kuma sai da tazara mai faɗi ƙwarai. In babu shuɗi babu farin haske, in babu farin haske kuwa aikin LED ba zai wuce jan ɗigon nan da ke nuna rediyo a kunne yake ba.

Galiyam naitiraid yana da irin tazarar da ake nema, wajen elektiron-bolt 3.4. Shi galiyam ƙarfe ne mai ban dariya, zafin da bai kai digiri 30 ba ya ishe shi narkewa. Ki ajiye shi a kan tebur a garin nan cikin watan Afrilu, ki dawo ki tarar ya malale. Amma da zarar ya haɗu da naitirojin sai ya zama abu mai tauri da jure wuta. A kamfanin RCA na Amurka, Herbert Maruska da James Tietjen sun reni kiristal ɗinsa a 1969, Jacques Pankove kuma ya fitar da haske daga gare shi a farkon shekarun 1970, sai dai haske ne mai rauni, ba na kai wa kasuwa ba. Abu biyu suka tokare hanya. Kiristal ɗin yana fitowa duk tsaga da ramuka. Sannan an kasa samun kiristal nau'in p, alhali sai an haɗa semikondakta nau'in p da nau'in n fitila ke ci da kyau, har wasu masana suka riƙa kawo hujjojin cewa ba zai taɓa yiwuwa ba. A 1974 RCA ta rufe aikin. Jama'a suka watse, mafi yawansu suka koma kan zinki selenaid, wanda ke kwanciya a kan galiyam asenaid ba gardama.

Akasaki ya shiga galiyam naitiraid a 1973, daidai lokacin da masu wayo ke tattara kayansu. Ya gwada hanya ta farko, ya bari. Ya gwada ta biyu da tallafin gwamnatin Japan, ya sami 'yar fitila shuɗiya, amma ba ta kai ta kawo ba. A 1981 ya kai sakamakonsa wani taron masana na duniya, ya gabatar, abin ya wuce kamar ba a yi ba.

Me ya hana shi bin ayari? Masu ba da labarin sukan ce taurin kai ne, ko juriya irin ta mutanen Japan. Shi kuwa da bakinsa ya ba da dalili mai sauƙi, kuma saboda wannan dalilin na zauna rubuta miki wasiƙa. Wajen ƙarshen shekarun 1970, yana duba faya-fayen kiristal ɗinsu a ƙarƙashin madubin ƙara girma, irin wanda ke sa abu ya yi ƙyalli, sai ya lura a tsakanin tsagogi da ramukan nan akwai wasu 'yan mitsi-mitsin wurare masu tsabta, suna ba da haske mai kyau. Ƙanana ne ainun, ba abin da za a iya ƙerawa da su, wani ma ba zai ko rubuta su a littafi ba. Amma sun nuna masa cewa laifin ba na sinadarin ba ne, na masu renonsa ne. Tunda ɗigo ɗaya ya fito haka, faifan gaba ɗaya zai iya, in an gano yadda za a ɓullo masa. Sai ya koma tushe, ya sake nazarin yadda kiristal ke tsirowa, a 1979 ya zaɓi hanya ta uku, wadda ake hura tururin sinadarai a kan faifan yaƙutu mai tsananin zafi. Ki lura da kyau, Ummi: sinadarin ya riƙe shi gam, hanya kuwa sau biyu yana sauya ta.

A 1981 ya koma Jami'ar Nagoya a matsayin farfesa, yana da shekara 52, shekarun da wasu ke fara lissafin fansho. Shekara ta zagayo wani ɗalibin digirin farko, Hiroshi Amano, ya nemi shiga ɗakin gwajinsa. Kuɗin ɗakin bai isa sayen na'urar renon kiristal ba, don haka ɗalibai suka haɗa tasu da hannu. Amano ya ce ya yi gwaji sama da 1,500 ba nasara. Kullum a hura wuta ta kai wajen digiri 1,000, a jira, a buɗe, a ciro faifai ya yi fari dusu-dusu.

Asalin matsalar ita ce jerin ƙwayoyin yaƙutu da na galiyam naitiraid sun sha bamban da kusan kashi 16 cikin ɗari. Ki ɗauka an ba magini bulo, aka ce ya ɗora a kan layin da aka riga aka jera da bulo mai wani girman daban. Na farko zai zauna, na biyu ya ɗan goce, kafin ya kai na bakwai ya goce da bulo guda, bango kuwa sai tsagewa. Dabarar da ta warware abin a 1985 ita ce a sa kwaɓi mai laushi a tsakani: a fara shimfiɗa alminiyam naitiraid siriri, kaurinsa wajen nanomita 30, a zafin da bai wuce wajen digiri 500 ba, sannan a ɗaga wuta a ɗora galiyam naitiraid a kai. Labarin da ya shahara shi ne ranar tanderun ne ya ƙi yin zafi yadda aka saba, Amano ya ce bari ya gwada shimfiɗa a ƙaramin zafi, abin da dama an taɓa tattaunawa a ɗakin. Da ya ciro faifan sai ya gan shi garai-garai, sumul, har ya zaci ya manta bai buɗe bututun galiyam ba. Sai da ya kai shi ƙarƙashin madubi ya tabbata kiristal ne. Suka buga sakamakon a 1986 a mujallar Applied Physics Letters.

Saura nau'in p. Nan ma ido ne ya yi aiki: sun lura cewa kiristal ɗin da aka yi wa gauraye, in aka daɗe ana harba masa elektiron a na'urar dubawa, haskensa ƙaruwa yake yi. Suka bi sawun abin, suka sa magniziyam, suka harba masa elektiron marasa ƙarfi sosai, a 1989 nau'in p ya samu, suka haɗa fitilar p da n ta farko ta galiyam naitiraid. Akasaki yana da shekara 60.

Na san karin maganar da ke kan harshenki yanzu, don ni ma ita ta fara zo mini: mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. To ga wanda ya dafa dutse na zahiri, ya kuma sha romon. Sai dai ni ban yarda haƙuri kaɗai ya kai shi ba, kuma ba na so ki ɗauki labarin a haka. Masu zinki selenaid su ma sun yi haƙuri, sun fi yawa, sun fi kuɗi, ba kuma sakarkaru ba ne. A 1991 kamfanin 3M ya nuna leza mai haske tsakanin shuɗi da kore da aka yi da shi, duniya ta ɗauka an gama. Amma na'urorinsu ba sa daɗewa, aibin cikin kiristal ɗin yaɗuwa yake yi da zarar an kunna, har ya kashe su. Galiyam naitiraid kuwa, wani ikon Allah, ko da ɗaruruwan miliyoyin aibi a kowane murabba'in santimita, haske yake bayarwa ba ya gajiya. Shekarun da mutane da yawa suka zuba a wancan ɓangaren ba su haifi fitilar da suke nema ba. Haƙurin Akasaki yana da abin jingina, wato abin da ya gani da idonsa a madubi.

Yanzu ki dubi hanyar da tasirin aikinsa ya bi, don ba ta inda ake tsammani ya bi ba. Wanda ya kai abin kasuwa ba ɗalibinsa ba ne, kusan ma a ce abokin hamayya ne. Shuji Nakamura injiniya ne a Nichia, wani ƙaramin kamfanin sinadarai a garin Anan na tsibirin Shikoku. Ya sha faɗa cewa cikin dalilan da suka sa ya zaɓi galiyam naitiraid har da neman inda babu cunkoso, don ya samu ya buga maƙaloli ya yi digirin dakta; a tarukan masana, in ji shi, zauren zinki selenaid cike yake maƙil, nasu kuwa ana iya ƙirga mutane da yatsu. Kin ga ashe damuwar maƙala ba a kanki aka fara ta ba. Ya ƙera tasa na'urar, ya gano cewa haidurojin ne ke ɗaure magniziyam ya hana shi aiki, kuma gasa kiristal ɗin a inda babu haidurojin ya isa ya kore shi, ba sai an harba elektiron ba. A 1993 Nichia ta fito da shuɗiyar LED mai haske na gaske. A 1996 aka ɗora mata hoda mai ba da ruwan ɗorawa, shuɗi ya gauraya da rawaya, farar LED ta samu. Daga baya Nakamura ya kai kamfanin kotu a kan ladansa, don kyautar da aka ba shi da farko yen 20,000 ce, aka sasanta a 2005 a kan wajen yen miliyan 840. Wannan kuma zance ne na wata rana.

Ke kin taso kin tarar da ƙarshen zamanin fitilar ƙwai, amma ba ki yi mata bauta ba. Mu mun yi. Kafin magariba a cire ƙwan a goge baƙin hayaƙi da tsumma, a hankali don in ya fashe akwai bulala, a datse bakin lagwani, a girgiza a ji ko akwai sauran kananzir. In an ɗaga lagwani ta yi hayaƙi, in an rage a kasa ganin rubutu. Wanda ba shi da halin fitilar ƙwai sai aci-balbal, ya wayi gari hanci baƙi ƙirin. Gobara nawa aka yi a sanadinsu, Allah kaɗai ya sani. Sai ga wasu 'yan fitilu da samari ke haɗawa a bakin kasuwa, tsohon faifan CD an huda shi an jera masa ƙananan ƙwayaye farare, an ɗaura a kan akwatin katako mai cin batir. Daga nan sai tocila mai caji, sai fitilar sola, sai ta bayan wayar hannu. Ki fita bayan isha'i ki dubi teburin mai shayi, da na mai tsire, da yarinya mai sayar da gyaɗa, da ɗan makaranta mai bitar jarrabawa a zaure. Farin hasken da ke gabansu duka shuɗi ne aka lulluɓe da hoda, a ƙarƙashinsa kuma galiyam naitiraid ne, wanda dabarar 1985 ta buɗe ƙofar renonsa. Ko ɗaya daga cikinsu bai taɓa kafa hujja da maƙalar Akasaki ba, kuma ba za su shiga lissafin kowa ba.

Lokacin da aka ba su kyautar Nobel ta fiziks a 2014, shi da Amano da Nakamura, masu ba da kyautar sun ce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wutar lantarkin duniya a kan haske yake tafiya, sun kuma ambaci mutane sama da biliyan 1.5 da layin lantarki bai kai gare su ba, waɗanda fitila mai cin wuta kaɗan za ta iya yi musu aiki da hasken rana. Ƙwan fitila mai zare yana yin wajen awa 1,000, LED tana iya kai awa 100,000. Akasaki yana da shekara 85 a lokacin, shekara 41 ke nan da fara aikin. Ya rasu a Nagoya a ranar 1 ga Afrilu, 2021.

Kada ki ce na ce lissafin ambato banza ne. Maƙalar 1986 ɗin nan yau an kafa hujja da ita sau dubbai. Amma mafi yawansu sun zo ne bayan fitila ta shiga kasuwa, fannin ya cika da jama'a. Lissafin yana nuna yawan mutanen da ke aiki kusa da ke a yau, shi ya sa mai bin yayi ke saurin tara shi. Da za a auna Akasaki da wannan ma'auni a 1983, da an ba shi shawara ya nemi wata sana'a.

Akwai kuma gefen labarin da ba shi da daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Maruska ya sa magniziyam a galiyam naitiraid tun 1972, ya sami haske mai ruwan shuɗi-shuɗi, wato ya taɓa maganin da hannunsa, amma aka rufe aikin kafin a gane me ke hana shi ci. Kyautar Nobel ba ta wuce mutum uku, bai samu ba. Holonyak mai jar fitila ma har ya rasu a 2022 bai samu ba. Ana iya yin aiki mai kyau a kan hanya mai kyau, romon ya tafi bakin wani. Sannan Akasaki yana da albashi, da kamfani a bayansa, da tallafin gwamnati, da wutar da ba a ɗaukewa ana tsakiyar gwaji. Ke kuwa sai kin aika samfurinki wani gari a auna miki, ki jira makonni. Duk wanda ya ce miki wannan bambanci ba komai ba ne, bai taɓa shiga ɗakin gwaji ba.

To ga abin da nake so ki yi. Ki ajiye zancen lissafi na ɗan lokaci, ki ɗauko littafin gwajinki tun daga shafin farko, ki bi shi a natse. Akwai wani samfuri, ko guda ɗaya, da ya ba ki abin da ba ki zata ba? Wani awo da ya fi saura kyau ba ki san dalili ba, wani da kika tsallake don bai dace da jadawalin maƙala ba? In akwai, ki koma kansa, ki maimaita shi, ki nemi abin da ya bambanta a ranar: zafi ne, ruwan da kika yi amfani da shi ne, wankin gilashin ne, ko ɗauke wuta aka yi abin ya huce a hankali. Ki riƙa rubuta gwajin da ya lalace da irin kulawar da kike rubuta wanda ya yi kyau, har da lokacin da wuta ta tafi da lokacin da ta dawo. In kuma kin bi littafin kaf ba ki ga komai ba, to sauya hanya, ko ma sauya sinadari, ba abin kunya ba ne, ni kuma ba zan ce kin gaza ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ki sauya don kawai lissafin wasu ya fi naki.

Na san kuma ba a ba da digiri ko ƙarin girma sai da maƙaloli, don haka ki yi su, ki yi su da gaskiya. Ki guji mujallun nan da ke karɓar kuɗi su buga kome aka aiko cikin mako guda, ki guji cinikin sa sunana in sa naki, da na ambace ni in ambace ki. Sunan da aka tara ta wannan hanya, ranar da aka tsayar da mutum gaban allo aka ce ya yi bayani ake gane shi. In kin ji labarin wani ɗakin gwaji da ke da na'urar da kike buƙata, a gida ko a waje, ki rubuta musu ta hannun malaminki, ki nemi haɗin gwiwa. Mafi munin abin da za su ce shi ne a'a.

Idan kin gama bin littafin, ki rubuto mini abin da kika gani, ko da kina ganin bai taka kara ya karya ba, ki haɗo da hoton samfurin da ya fi ba ki mamaki. Ki gaida malaminki da kyau, ki kula da salla a kan lokaci, kada kuma zaman ɗakin gwaji ya hana ki cin abinci. Allah ya yi miki albarka, ya sa karatun ya amfane ki ya amfani jama'a.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki.